Jami'o'in baƙar fata a Amurka: amsa ga wani uba

Tambaya: Ni ɗan zangon Kumasi ne, shekara 22 ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, ina tuƙin tasi. 'Yata ta fari a nan aka haife ta. Bana ta samu gurbin karatu a wuri biyu, wata babbar jami'ar jiha da wata jami'ar baƙar fata a kudu. Likita take son zama, kuma ta dage sai ta biyun. Abokaina sun ce makarantun baya ne, na waɗanda aka ƙi ɗauka a wani wuri, kuma ai wariyar launin fata ta daɗe da ƙarewa. Mene ne amfanin irin waɗannan makarantu a yau?

Amsa: Alhaji, Allah ya raya yarinya, ya sanya albarka a karatunta. Maganar nan ta shafe ni kai tsaye, domin na yi shekara 11 ina koyar da kimiyyar sinadarai a ɗaya daga cikin waɗannan makarantu, kuma yawancin ɗalibaina 'yan shekarar farko ne masu burin likitanci kamar 'yarka. Ina ƙaunar makarantun, ban ɓoye maka ba. Amma zan faɗa maka har da abin da ba ya yi mini daɗin faɗa, tunda kuɗinka ne da shekarun 'yarka.

Sunan da ake kiran su da shi a taƙaice, HBCU, suna ne na doka. Dokar ilimi mai zurfi ta 1965 ce ta ware su: duk kwaleji ko jami'ar da aka kafa kafin 1964 da manufar ilimantar da baƙar fatar Amurka. Wajen ɗari ne suka rage, kusan dukkansu a kudu da gabas, kusan rabi na gwamnatocin jihohi, sauran masu zaman kansu. Ɗalibansu gaba ɗaya wajen dubu 300 ne. Babu wadda ke hana farar fata shiga. A yau kusan ɗalibi ɗaya cikin huɗu a cikinsu ba baƙar fata ba ne, kuma akwai biyu a jihar West Virginia da farar fata suka fi yawa a ajinsu. Jami'ar Howard ma da aka buɗe a 1867, ɗalibanta na farko 'yan mata ne farar fata, 'ya'yan waɗanda suka kafa ta. Don haka in abokanka sun ce wariya ce, sai a tuna musu cewa ba waɗannan makarantu ne suka rufe wa kowa ƙofa ba. Su aka gina wa waɗanda aka rufe wa ƙofa.

Yadda aka rufe ta kuwa sai mutum ya ji zai gane. A zamanin bauta jihohin kudu da yawa sun haramta koya wa bawa karatu ko rubutu, an kuma ƙara tsananta dokokin bayan boren bayi da Nat Turner ya jagoranta a 1831. Abin da ke taɓa ni duk lokacin da na tuna shi ne, cikin waɗanda aka kwaso daga Afirka ta Yamma akwai malamai da almajirai. Umar ɗan Sa'id, mutumin Futa Toro, yana bawa a North Carolina ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a wannan shekara ta 1831. Mutanen da suka baro gida da allo da tawada, jikokinsu suka tashi a ƙasar da kama littafi laifi ne. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1865 aka 'yanta mutum wajen miliyan huɗu, kuma ƙidayar 1870 ta nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na baƙar fata ba su iya karatu ba. Zuwa 1910 adadin ya sauko kusan kashi 30. Shekara arba'in ke nan, cikin talauci da barazanar kisa. Malaman da suka yi wannan aiki a ƙauyukan kudu, da yawansu daga irin waɗannan makarantu, kamar Fisk da Hampton da Atlanta da Tuskegee, suka fito.

Kuma da hannu biyu babu komai aka fara. Kwalejin Spelman ta mata, wadda yau ake rububin shiga, a ɗakin ƙarƙashin wani coci a Atlanta ta soma a 1881 da ɗalibai 11. A Tuskegee, a wannan shekarar, Booker T. Washington ya fara koyarwa a wata tsohuwar rumfa kusa da coci, daga baya ɗalibai da kansu suka riƙa buga bulo suna gina ajinsu. Can ne George Washington Carver ya je a 1896 ya tarar da auduga ta tsotse ƙasar manoma, ya riƙa bin su gona-gona yana nuna musu su shuka gyaɗa da wake da dankali don ƙasa ta farfaɗo. Manomin Kano ko na Maraɗi zai gane wannan shawara ba sai an fassara masa ba.

Na gwamnati kuma labarinsu daban ne, kuma shi ne tushen ƙarancin kuɗin da za ka gani da idonka in ka je. A 1890 majalisar tarayya ta ce duk jihar da ke son tallafin jami'o'in noma da fasaha, ko dai ta ɗauki baƙar fata a jami'arta, ko ta gina musu tasu. Jihohin kudu suka zaɓi gina tasu, sannan suka riƙa ba su ragowar abin da ya saura. Kada ka ɗauka tsohon labari ne. A watan Satumba na 2023 ministocin ilimi da na noma na tarayya sun rubuta wa gwamnoni 16 wasiƙa cewa daga 1987 zuwa 2020 an tauye wa waɗannan jami'o'i sama da dala biliyan 12 idan aka kwatanta da takwarorinsu na cikin jiha ɗaya. Jami'ar Tennessee State kaɗai dala biliyan 2.1. Jihar Maryland sai da aka yi shekara 15 ana shari'a da ita kafin ta amince a 2021 za ta biya jami'o'inta huɗu dala miliyan 577 cikin shekara goma.

To, ga abin da 'yarka ke nema, wato likitanci, kuma a nan nake so mu daɗe. A farkon ƙarni na ashirin akwai makarantun likitanci bakwai na baƙar fata. A 1910 aka fitar da rahoton Flexner, wanda ya sake fasalin koyar da likitanci a Amurka, ya ba da shawarar a bar biyu kawai daga cikin bakwai ɗin, Howard a Washington da Meharry a Nashville. Sauran biyar suka mutu. Shekaru da dama bayan haka, mafi yawan likitocin baƙar fata a ƙasar daga waɗannan biyun suke fitowa. Har Hastings Banda, shugaban Malawi na farko, a Meharry ya gama a 1937. Yau baƙar fata sun kai kusan kashi 13 cikin ɗari na mutanen Amurka, amma a cikin likitoci ba su wuce kashi biyar zuwa shida ba. Wannan giɓi yana cin rai. An yi wani bincike a birnin Oakland inda aka riƙa haɗa maza baƙar fata da likitoci ta hanyar ƙuri'a, sai aka ga waɗanda suka faɗa hannun likita baƙar fata sun fi yarda a yi musu gwajin ciwon suga da na kitsen jini. Dalilin rashin yardar ma sananne ne: daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta tarayya ta bar ɗaruruwan maza baƙar fata a Alabama da ciwon tunjere ba magani, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Yanzu dubi Jami'ar Xavier da ke New Orleans. Ƙarama ce, ɗalibanta wajen dubu uku, 'yan Katolika suka kafa ta a 1925, kuma ambaliyar guguwar Katrina ta shanye harabarta a 2005. Duk da haka shekara da shekaru tana sahun gaba a duk faɗin Amurka wajen tura baƙar fata makarantar likitanci, tana gaba da jami'o'in da suka ninka ta sau goma a yawan ɗalibai. Howard da Spelman su ma suna wannan sahu. Jami'ar North Carolina A&T, wadda ta fi kowacce girma a cikinsu, ita ke yaye injiniyoyi baƙar fata fiye da kowace jami'a a ƙasar. Alƙaluman hukumar kimiyya ta ƙasa sun daɗe suna nuna cewa idan aka bi sawun baƙar fatar da suka yi digirin digirgir a kimiyya da injiniyanci aka tambayi inda suka yi digirin farko, waɗannan makarantu ne ke cika saman jerin.

Mutane kan ce ruhi ne ko zumunci, amma ni da na yi aikin na san abu ne da ake yi da hannu kowace rana. A manyan jami'o'i ajin sinadarai na shekarar farko rariya ne. Ɗalibi 400 ko 500 a zaure ɗaya, malami can nesa da makirfo, kuma kowa ya san manufar ita ce a tace, a rage yawan masu neman likitanci. Yaron da ya fito daga sakandaren da ba ta da ɗakin gwaji mai kyau, in ya faɗi jarrabawar farko, mai ba da shawara zai ce masa cikin ladabi wataƙila ya duba wani fanni. Shi ke nan an yi asarar likita, kuma babu wanda ya yi masa rashin mutunci. A wurinmu lissafin daban ne. Mun san da yawan waɗanda muka ɗauka sun zo da giɓi, sai muka ɗauki cike giɓin a matsayin aikin da aka ɗauke mu mu yi. Gwaji kowane mako, don a gane mai rauni tun a mako na uku, ba sai zango ya ƙare ba. Malaman da ke koyar da darasi ɗaya su zauna su daidaita abin da za su koyar. 'Yan shekara ta uku su riƙa koya wa ƙannensu da yamma. Xavier ta yi suna a kan irin wannan tsari a zamanin shugabanta Norman Francis, wanda ya riƙe ta daga 1968 zuwa 2015, kuma mu da yawa daga gare su muka koya.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa. Ta ci 41 cikin ɗari a gwajin farko, ta daina zuwa aji. A ajin mutum 35 kujerar da babu kowa tana da suna. Na aika abokiyar ɗakinta ta kira ta. Da ta zo na gane ba sinadarai ne matsalarta ba, lissafin sakandare ne ba a koya mata da kyau ba, kuma tana aikin dare a kanti don ta aika wa mahaifiyarta kuɗi. Muka yi wata biyu muna zama bayan la'asar, ofishin tallafi ya samar mata aiki a cikin makaranta. Yau likitar yara ce. Ban yi wani abin al'ajabi ba, abokan aikina kowa yana da irin wannan labari. Kamfanin Gallup ya yi bincike a 2015 ya tambayi baƙar fatar da suka gama jami'a ko malamansu sun damu da su a matsayin mutane. Waɗanda suka yi makarantun baƙar fata, masu cewa e sun ninka na sauran makarantu fiye da sau biyu.

Sai wani nauyi da ɗalibi ke sauke wa kansa, wanda ba ya fitowa a alƙaluma. Yarinya baƙar fata, mai kallabi kuma, in ita kaɗai ce irinta a ɗakin gwaji, kowace tambaya da za ta yi sai ta auna ta sau biyu, kada a ce irinsu ba sa ganewa. In ta faɗi, ji take ta kunyata al'umma guda. Wannan tunani yana cin ƙarfin da ya kamata ya tafi ga karatu. A inda na koyar, wanda ya fi kowa ƙoƙari baƙi ne, wanda ya fi kowa wasa ma baƙi ne, haka malami, haka shugaban sashe. Launin fata ya daina zama bayanin komai. In ka faɗi, kai ne ba ka yi karatu ba, kuma za a gaya maka haka ba tare da kwana-kwana ba. Tsananin da na gani a wurin tsofaffin malamai mata na wannan makaranta, ban gan shi a ko'ina ba sai a makarantar allo.

Kai ɗan Ghana ne, don haka kana da rabo a wannan tarihi ko ba ka sani ba. Kwame Nkrumah a Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania ya yi karatu, ya shiga a 1935 ya gama digirin farko a 1939. Nnamdi Azikiwe ya riga shi, ya gama a 1930, shekara ɗaya da Thurgood Marshall. Shi Marshall ɗan Baltimore ne, amma makarantar lauyoyi ta jiharsa ba ta ɗaukar baƙar fata a lokacin, sai ya tafi Howard, inda Charles Hamilton Houston ke horar da lauyoyi da niyyar rusa dokokin wariya ta hanyar kotu. Yana gamawa ya juyo ya kai wannan makaranta ta jiharsa ƙara, shi da malaminsa, suka yi nasara. Shi ne ya jagoranci shari'ar da Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantu a 1954, kuma a 1967 ya zama baƙar fata na farko a wannan kotu. Martin Luther King ya gama Kwalejin Morehouse ta baƙar fata a 1948, ya kuma je Accra bikin 'yancin kan Ghana a Maris 1957. Samari huɗu da suka zauna a teburin cin abinci na farar fata a Greensboro ranar 1 ga Fabrairu 1960 suka ƙi tashi, 'yan shekarar farko ne a North Carolina A&T. Ƙofar babbar jami'ar jihar da ta ɗauki 'yarka bana, 'ya'yan waɗannan makarantu na cikin waɗanda suka buɗe irinta a faɗin ƙasar.

Buɗe ƙofar ya rage musu kasuwa, wannan gaskiya ne. A tsakiyar shekarun 1970 kusan kashi 35 cikin ɗari na digirin farko da baƙar fata ke samu daga gare su yake fitowa, yanzu ya dawo wajen kashi 13. Abin farin ciki ne cewa yaro yana da zaɓi. Sai dai zancen abokanka na cewa komai ya wuce, shekarun nan sun sa masa alamar tambaya. A watan Yuni 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. A shekarar da ta biyo baya, kason baƙar fata cikin sabbin ɗaliban MIT, fitacciyar jami'ar kimiyya da fasaha, ya faɗo daga kusan kashi 13 zuwa 5. Masu neman shiga makarantun baƙar fata kuwa sun ƙaru sosai a 'yan shekarun nan, har wasu suka rasa ɗakunan kwana.

Ba baƙar fata kaɗai ke da irin waɗannan makarantu ba. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, suna da kwalejoji sama da 30 na ƙabilunsu. Ta farko al'ummar Navajo ce ta kafa ta a 1968 a Arizona, yau ana kiran ta Kwalejin Diné. Tarihinsu da boko mai ɗaci ne ƙwarai. Tun daga makarantar kwana ta Carlisle da aka buɗe a 1879, gwamnati ta riƙa raba yara da iyayensu, a aske musu gashi, a canza musu suna, a doke su in sun yi yarensu. Duk Bahaushen da ya ji labarin tsoron da kakanninmu suka yi wa makarantar Bature zai gane abin da ake nufi, sai dai su abin da ake tsoron ya faru da su sosai. Shi ya sa a kwalejojinsu ake koyar da aikin jinya da malanta tare da harshen ƙabila, kuma a wasu yankuna masu nisa kwalejin ce kaɗai ɗakin karatu da intanet na jama'a. Sai kuma makarantun da aƙalla kashi 25 cikin ɗari na ɗalibansu 'yan asalin Latin Amurka ne, su kusan 600. Waɗannan yawancinsu ba don haka aka kafa su ba, unguwa ce ta canza suka canza da ita. Kana wuce wasunsu kullum da tasi: Kwalejin Lehman, da ta Hostos da aka kafa a 1968 saboda matsin lambar mutanen kudancin Bronx. Wani babban bincike na 2017 da ya bi bayanan harajin miliyoyin iyalai ya gano cewa wajen ɗauko ɗan talaka a kai shi sahun masu hali, kwalejojin birnin New York da Jami'ar Jihar California ta Los Angeles suna gaba da jami'o'in da ake ji da su. Dalilin a fili yake, su ne ke ɗaukar 'ya'yan talakawa da yawa tun farko.

Yanzu ga ɓangaren da ba shi da daɗi. Makarantu ɗari ba ɗaya suke ba, kuma wanda ya ce maka duk suna da kyau bai yi maka adalci ba. A Spelman kusan uku cikin huɗu na ɗalibai suna kammalawa. Akwai wasu kuwa da masu kammalawa cikin shekara shida ba su kai ɗaya cikin uku ba. Wani ɓangare na wannan talauci ne, domin kusan bakwai cikin goma na ɗaliban waɗannan makarantu suna karɓar tallafin Pell na 'ya'yan marasa ƙarfi, kuma na sha ganin yaro mai ƙoƙari ya bar karatu saboda bashin dala ɗari takwas. Idan aka kwatanta ɗalibai masu hali iri ɗaya, makarantun ba sa jin kunya. Amma wani ɓangaren rashin iya shugabanci ne. Kwalejin Morris Brown ta Atlanta ta rasa amincewar hukumar tantancewa a 2002 saboda badaƙalar kuɗi, sai a 2022 ta dawo da ita. Saint Paul's ta Virginia ta rufe a 2013. A inda na koyar na ga ɗalibai suna layi tun safe a ofishin tallafi saboda takardar da ta ɓace, na ga ɗakin kwana da ruwa ke zuba, na yi zango guda da na'urar gwaji a lalace. Waɗannan abubuwa sun ɓata mini rai a lokacin, har yanzu ma suna ɓata mini.

Asusun waƙafi, wato dukiyar kyauta da makaranta ke juyawa tana amfani da ribarta, shi ne bambancin da zai taɓa aljihunka. Na Harvard ya haura dala biliyan 50. Na Howard, wadda ta fi duk makarantun baƙar fata, wajen biliyan ɗaya ne, da yawa kuma nasu bai taka kara ya karya ba. Ma'anarsa ita ce ko da kuɗin makarantar da aka rubuta ya fi sauƙi, tallafin da za su iya ba ɗalibi kaɗan ne, sai a cike da bashi. Shi ya sa ɗalibansu ke fita da bashi mai nauyi. An samu kyaututtuka manya a 'yan shekarun nan. Attajiri Robert Smith ya biya bashin duk waɗanda suka gama Morehouse a 2019, attajira MacKenzie Scott ta raba sama da dala miliyan 500 ga makarantu fiye da ashirin a 2020. Sun taimaka, amma ruwan sama na dare ɗaya ba ya cika rijiyar da aka yi shekara ɗari ana kwasa.

Don haka shawarata gare ka ba ta wuce lissafi da tambaya ba. Ka ajiye takardun tallafi na makarantun biyu gefe da gefe, ka cire duk abin da bashi ne, ka ga abin da ya rage za ku biya a shekara, sannan ka ninka sau huɗu. Ka lura sosai da bashin da ake ba iyaye da sunansu, domin ruwansa ya fi na ɗalibi, kuma a wuyanka zai zauna har tsufa. Yarinyar da ke da wasu shekara huɗu na makarantar likitanci a gaba, bai kamata ta fita digirin farko da kaya mai nauyi ba. In jami'ar kudun ta gwamnatin wata jiha ce, za a caje ku kuɗin baƙi, wanda kan ninka na 'yan jiha. Idan bambancin ya kai dubun-dubatar daloli, ni da kaina zan ce ta zauna a New York, ta nemi ƙungiyar ɗalibai masu burin likitanci da malami ɗaya da zai riƙe ta. Idan kuwa kuɗin sun yi kusa, kuma makarantar na cikin masu tarihin tura ɗalibai likitanci, zaɓin 'yarka yana da hujja mai ƙarfi, kuma ina goyon bayanta.

Ka kira ofishin masu shirin likitanci ka tambaye su kai tsaye: bara mutum nawa suka nemi makarantar likita, nawa aka ɗauka, a ina. Makarantar da ke yin aikin za ta ba ka amsa nan take da alfahari. Ka tabbatar da amincewar hukumar tantancewa tana nan daram. Ka tambayi ɗalibai nawa ke dawowa shekara ta biyu.

Sai maganar addini da asali, wadda na san tana ranka ko da ba ka rubuta ba. Da yawan makarantun coci ne ya kafa su, kuma za ta ji addu'ar Kirista da waƙoƙin coci a taruka. Ban taɓa ganin an tilasta wa ɗalibi Musulmi wani abu ba a inda na yi aiki, kuma Musulunci ba baƙo ba ne a tsakanin baƙar fatar Amurka. Amma garuruwan kudu sun bambanta. Atlanta da Houston da Washington akwai masallatai da naman halal ko'ina, ƙaramin gari a Mississippi kuwa sai an yi tafiya. A tambaya ko akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da wurin sallar Juma'a, da yadda ɗakin cin abinci ke yi da masu azumi. Ta kuma shiga da ladabi. Ita 'yar baƙi ce da suka zo da fasfo, abokan karatunta da yawa jikokin waɗanda aka kawo cikin sarƙa ne, kuma wani lokaci akan samu 'yar tsama tsakanin ɓangarorin biyu, musamman in yaranmu suka zo da raini irin wanda suke ji a bakin manya a gida. Waɗanda suka zo da kunnen saurare, na ga sun fita da aminai na har abada, sun kuma san ƙasar da aka haife su fiye da yadda sakandare ta koya musu.

In da hali, ka ɗauki hutun kwana biyu ku je tare, ranar karatu ba ranar biki ba. Ku nemi izini ku zauna a bayan ajin sinadarai na 'yan shekarar farko, ka ga ko malamin ya san sunayen yaran, ka ga ko suna ɗaga hannu. Ku leƙa ɗakin kwanan mata da ɗakin gwaji. Ka bar ta ita ta yi yawancin tambayoyin. In kun dawo, ka turo mini abin da ke cikin takardun tallafin guda biyu, ba tare da sunanta ko lambarta ba, mu yi lissafin tare kafin ranar 1 ga Mayu da yawancin makarantu ke son a ba su amsa.